Tozalin kasuwa: dalma a idon jinjiri

A kasuwar Bakin Birji, cikin gundumar Ollelewa, da wuya ki ga shimfiɗar ɗan koli babu ƙullin tozali kusa da allura da zare da turare. Mata na saye su niƙa su zuba a tandu, na kwalliyarsu da na jinjiri. Amma wannan baƙin dutse mai ƙyalli, mene ne shi?

Masana duwatsu suna kiransa galena. Haɗin dalma ne da farar wuta, kuma in tsantsarsa ne, cikin kashi 100 na nauyinsa sama da 86 dalma ce. Shi ya sa ɗan guntu kan yi nauyi a hannu, in an fasa shi ya tsage kusurwa-kusurwa kamar ƙwayar sukari. Wato ƙyalli da nauyin da ƴan kasuwa ke nunawa a ce "na ainihi ne", su ne shaidar dalma.

A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Najeriya. Aka bincika gidan ba a ga komi ba, sai tozalin da ake sa masa. Da aka auna shi, kashi 82.6 dalma ne.

Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Babu zazzaɓi balle ƙurji da uwa za ta gani. A hankali dalma ke taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage jini, sai an kai yaro lakwal a ce ba ya ganewa. Mai ciki ma tana miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadinta da aka san ba ya cutarwa.

Ba a manta Zamfara ba, inda a 2010 yara wajen 400 suka rasu. Can duwatsun zinariya masu dalma aka riƙa niƙawa a tsakar gida, ba tozali ba, kuma ƙurar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai mu ma a gida muke niƙa namu, wani lokaci a kan dutsen da ake niƙa kayan miya.

Hajiya mai koli, ba a ce ki tashi shimfiɗa ba. In mai jego ko ungozoma ta zo saye, tambaye ta na wa ne. In na jinjiri ne, ki gaya mata abin da ke ciki kafin ki karɓi kuɗin.