Wata guda a kwance, da littattafan da 'yata ta ajiye mini

Ranar wata Talata bayan la'asar, ina tsallaka titi a nan Birketeri zan koma shago, wani ɗan moto ya kwashe ni. Ƙafar hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kwana 30 kada in kuskura in taka. Mutumin da ya shekara 22 yana auna yadi daga safe har magariba a cikin hayaniyar Yawunde, a ce ya kwanta yana kallon rufin ɗaki, ai an gama da shi. Kwana uku na yi ina latsa waya har idona ya soma ruwa, sannan na tuna da littafi.

Na ce a buɗe tsohuwar akwatina a ɗauko mini Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Tun 1934 aka buga shi, amma har yau in Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka shiga ramuwar gayya a kan juna sai na yi dariya, ƙafa tana zogi ina yi. Dare biyu na gama. Ba ni da sabon abin faɗa a kansa, tsohon aboki ne.

Sauran duk babbar 'yata ce ta kawo. Ba na kama sunanta, sunan mahaifiyata gare ta, Uwata nake ce mata. Shekararta 18, tana ajin ƙarshe a lise, bana za ta zauna jarrabawar bakaloriya. Ta ajiye mini wani littafin Faransanci kusa da butar shayi, ta ce, “Baba, wannan 'yar Marwa ce ta rubuta.” Ta fita abinta.

Les Impatientes ne, na Djaïli Amadou Amal. Ya fara fitowa a nan gida a 2017 da sunan Munyal, wato haƙuri da Fulatanci, sannan aka sake buga shi a Faransa a 2020, ya ci kyautar Goncourt wadda 'yan lise ke zaɓa. Mata uku ne ke ba da labari, kowacce da bakinta. Ramla tana son karatun haɗa magunguna, tana kuma da wanda take so, aka ɗauke ta aka ba wani attajiri da ya haife ta. 'Yar'uwarta Hindou aka haɗa ta da ɗan baffanta, mashayi mai duka, har hankalinta ya gushe. Ta ukun ita ce Safira, uwargidan attajirin nan, wadda ta shekara kusan 20 ita kaɗai a gidan, rana ɗaya aka ce ga amarya.

In faɗi gaskiya, rabin farko da fushi na karanta shi. Kusan duk namijin da ya leƙo cikin littafin, ko azzalumi ne ko mai kallon zalunci ya yi shiru. Na ce a raina, yanzu Bature a Paris zai rufe wannan ya ce haka gidan kowane Musulmin Kamaru yake. Har yanzu ina da wannan ƙorafin. Amma da na iso kan Safira sai fushin ya rasa wurin zama. Marubuciyar ba ta mai da ita waliyyiya ba: tana bin bokaye, tana ƙulla sharri, tana yin duk abin da zai fitar da yarinyar daga gidan, kana ƙin abin da take yi kana kuma gane tsoron da ke tura ta. Kuma kalmar nan da ake ta nanata wa matan, a ɗakin amarya, a bakin gadon jinya, daga uba, daga gwaggo, na san ta sarai. Da bakina na faɗa wa ƙanwata ita shekarun baya, ranar da ta zo gida da kumburarren ido, na raka ta ta koma.

A nan sai in sanar da mai karatu abin da ke ƙasa. Wata biyu kafin karayar, wani alhaji da nake karɓar shadda bashi a wurinsa ya aiko yana neman Uwata, ta zama ta biyu a gidansa. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin mugun abu a kansa ba. Na kira ta na gaya mata, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Ni kuwa na riƙe abin da muka taso muna ji, cewa shirun budurwa yarda ne, na ce wa ɗan aike a ba mu lokaci, amma da alamar alheri.

Littafi na gaba daga cikin kayan mahaifiyarta ta tono shi, bangon duk ya cinye: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wanda ya fito a Kano a 1990. Ita ma tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Wannan ya fi shiga jikina, don da Hausa yake, Hausar tsakar gida, kuma Alhaji Abdu na cikinsa ɗan kasuwar yadi ne kamar ni. Ya ƙuntata wa matarsa Rabi mai 'ya'ya tara, ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta. Ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Daga baya gobara ta cinye masa shago, Delu ta nuna halinta, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Balaraba ba ta damu da abin da baƙo zai ce ba, da mu take magana, shi ya sa ba ta tsaya bayyana mene ne kishiya ko lefe ba. Ƙarshen ne ya hana ni barci. Na tambayi uwargida ko tana ganin Rabi ta yi daidai da ta koma. Ta ce, “Malam, an tambaye ta ne?” Ta ɗauki kwanukanta ta fita.

Na ƙarshe har na so in ƙi karɓa. Littafin zane ne, irin wanda yaranmu ke kira bede, ni kuwa a wurina wannan kayan 'yan firamare ne. Aya de Yopougon, labarin Marguerite Abouet, zanen Clément Oubrerie. Kashi na farko ya fito a 2005, ya ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême a 2006. Kashi uku ta aro mini. Labarin wata unguwa ce a Abijan a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin koko ke yawo a Kodebuwa. Aya tana son zama likita, ƙawayenta Adjoua da Bintou kuwa samari da rawa ne a gabansu. In gargaɗi iyaye: akwai mashaya, akwai cikin shege, uban Aya ma a kamfanin giya yake aiki, ba littafin da za a miƙa wa ɗan shekara 10 ba ne. Amma kai, akwai ban dariya. Jaririn da aka liƙa wa ɗan mai kuɗi, kowa ya leƙa fuskarsa ya ga kamannin wani daban, wannan ko a Birketeri an sha yi. Ga zannuwan atamfa an zana su har ina iya faɗin wanda zai yi kasuwa a shagona.

Uban Aya bai ga amfanin doguwar makaranta ga 'ya mace ba, ya fi son ta samu gidan masu hali. A littafin rubutu, marubuci ne zai gaya maka abin da yarinya ta ji. A nan ba mai gaya maka. Uba yana ta zuba, an cika masa sarari da magana, ita kuwa tana gefe, baki a rufe, sai ido da kafaɗa. Na daɗe a kan irin waɗannan hotuna. Na san wannan tsayuwar, na gan ta a ɗakina wata biyu da suka wuce, na kira ta yarda.

Daren da na cika kwana 26, da ta kawo shayi na ce ta zauna. Na ce, “Uwata, littattafan nan da gangan kika zaɓo su?” Ta ce, “Na zanen dai don ka yi dariya ne, Baba.” Na ce sauran fa? Ta yi shiru. Wannan karon ban fassara mata shirun ba, na jira. Can ta ce tana son ta yi karatun ungozoma, kuma ba ta son auren, ba don alhajin yana da wani aibu ba.

Washegari na aiki ƙanena ya ba alhaji haƙuri. Ya karɓa da mutunci, sai dai shaddar da na saba ɗauka bashi, yaronsa ya ce daga yanzu sai da kuɗi hannu, ga sallah tana matsowa. Yayana ma bai sake leƙo ni ba tun ranar, ya ce na bar yarinya da littattafan Nasara suna juya ni. Jiya na fara takawa da sanda har bakin ƙofa. Uwata ta mayar da kashi ukun nan inda ta aro su, ta ce na huɗu yana hannun wani, sai mako mai zuwa.