Karatun Bugun Zuciya a Zamanin Intanet

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci mai haki ko faɗuwar gaba zuwa babban asibitin Damagaram, ko wani irinsa a Maraɗi ko Kano, ba mamaki ya ga an kwantar da mara lafiyar, an manna masa wayoyi goma, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, sa'an nan bayan sakan goma kacal na'ura ta fito da takarda mai ƙananan gidaje, a kanta ga wani zane yana hawa yana sauka. Wannan shi ne awon da likitoci ke kira ECG. Ɗaukarsa ba wuya, ana iya koya wa mutum cikin yini guda. Amma karanta shi, wato a dubi zanen nan a ce wannan zuciya lafiyarta lau, waccan tana bukatar magani yau, wannan kuwa in ba a gaggauta ba sai dai wani ikon Allah, shi ne ilmin da ke cin shekaru. Dalilin da ya sa na ga ya dace mu yi nazari a kansa shi ne, hanyar koyonsa ta sake cikin 'yan shekarun nan, har ya zamanto ɗalibin Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Ƙasa da ke Damagaram, ko na sashen likitanci na Jami'ar André Salifou, yana iya samun abin da a da sai mai zama a manyan asibitocin Turai ke samu, kuma a cikin salular da ke aljihunsa.

Sauraron bugun zuciya daɗaɗɗen fanni ne a ilmin ɗibbu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani cikin littafinsa Al-Ƙanun a kan yadda ɗabibi zai ɗora yatsunsa a jijiyar hannu ya rarrabe bugu ta fuskoki goma, daga cikinsu har da ƙarfinsa, da saurinsa, da daidaituwarsa ko rashinta. A haka aka zauna ƙarnuka, yatsa ce babban ma'auni, kafin daga baya wani malamin jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya ƙera na'urar da ke rubuta 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1924. Na'urarsa ta fari ta kai nauyin kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuma sai ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa cikin ruwan gishiri. Da yake ba ta ɗaukuwa zuwa asibiti, sai a 1905 ya ja waya daga asibitin zuwa ɗakin bincikensa, tsawon kilomita ɗaya da rabi, yana karanta zuciyar mutumin da ba ya gani. Ashe tun farkon al'amarin, aika zanen zuciya daga nesa yana cikin ɗabi'ar wannan fanni.

To, mene ne takardar ke faɗa? Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma Allah cikin hikimarSa Ya sanya wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama wanda ke kunna wuta da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutawa. Wutar nan takan fara ratsa ɗakunan sama su matse, abin da ke fitowa a takarda kamar ɗan tudu da ake yi wa laƙabi da harafin P. Daga nan ta iso wata mashiga tsakanin sama da ƙasa inda ake ɗan tsayar da ita domin jini ya gama sauka. Sa'an nan ta bazu cikin ɗakunan ƙasa masu kaurin tsoka, su matse gaba ɗaya su tura jini huhu da sauran jiki, wannan kuwa shi ne dogon tsinin nan da ake kira QRS. A ƙarshe tsokar ta koma shirin bugu na gaba, ta bar tudun T. Takardar tana tafiya milimita 25 kowane sakan, saboda haka ƙaramin gida ɗaya daidai yake da sakan 0.04, babban gida mai ƙanana biyar kuwa sakan 0.2. Daga nan lissafi ya fito: ɗalibi ya ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin tsini da tsini, ya raba 300 da adadinsu, in huɗu ne bugu 75 ke nan a minti, in biyu ne 150.

Bayan wannan sai tambayoyi, waɗanda malamai ke so ɗalibi ya riƙa yi wa kowace takarda bi da bi ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu daidai take, ko kuwa ta rikice? Kowane tsini yana da tudun P a gabansa? Jinkirin da ke tsakaninsu ya wuce babban gida ɗaya? Tsinin siriri ne, ko ya kai faɗin ƙananan gidaje uku? Idan aka rasa P baki ɗaya, tazarar kuma ta zama ba ƙa'ida, to ɗakunan sama ne suka bar matsewa suka koma makyarkyata, jini yana iya daskarewa a cikinsu ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ninkuwa wajen sau biyar ga mai wannan larura. Idan kuwa P na tafiyarsa daban, tsini na tasa daban a hankali, misalin 30 ko 40 a minti, mashigar nan ce ta toshe, mai ita yakan yi ta suma, danginsa su zaci farfaɗiya ce ko iska, alhali batirin zuciya yake bukata.

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma aiki da su yana ba mutane wuya ko'ina a duniya. A 2020 wani malami mai suna David Cook da abokan aikinsa suka tattara bincike 78 da aka yi a kan wannan mas'ala, suka buga sakamakon a mujallar JAMA Internal Medicine: ɗaliban likitanci suna dacewa da amsa a kashi 42 cikin ɗari na takardun da aka ba su, likitocin da ke bakin aiki wajen kashi 68, ƙwararrun likitocin zuciya su kansu wajen kashi 75. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san cewa sanin babbaƙu da farfaru bai mai da yaro alaramma ba, sai ya yi ta wanke allo yana sake rubutawa, yana biyawa gaban malam ana yi masa gyara, ya kuma san hadda in ba a bi ta da tilawa ba zubewa take yi. Ɗalibin lafiya yakan sami babbaƙu da farfarunsa a aji cikin 'yan makonni. Abin da ya daɗe yana rasawa shi ne yawan takardun da zai yi tilawa da su, domin littafi ba ya ɗaukar fiye da misali ɗaya ko biyu na kowace cuta, waɗansu rikice-rikicen bugun kuwa mutum na iya gama karatunsa bai gamu da su a ɗakin majinyata ba.

Wannan giɓi ne intanet ya zo ya cike. Likitocin asibitin Beth Israel Deaconess na birnin Boston, mai alaƙa da jami'ar Harvard, sun buɗe ECG Wave-Maven kyauta, inda ake nuna wa ɗalibi takardar majinyaci na gaske da taƙaitaccen tarihinsa, ya zaɓi amsa, nan take a gaya masa ko ya dace, da hujjar da ta sa. Likitocin gaggawa na Ostareliya sun tara taska mai yawa a Life in the Fast Lane. Ga ɗalibinmu kuwa, wanda ya yi karatunsa da Faransanci, mafi kusa shi ne e-cardiogram na Dokta Pierre Taboulet na birnin Faris. Akwai kuma manhajojin da ke kwaikwayon allon da ake rataye wa majinyaci a ɗakin kulawa ta musamman, zane yana gudu a idon ɗalibi, ana so ya ambaci sunansa cikin 'yan sakan, kamar yadda za a bukata ranar da rai ke hannun Allah. Fa'idar waɗannan abubuwa a fili take: ba sa gajiya da maimaici, ba sa kunyata mai kuskure gaban 'yan'uwansa, kuma ana iya buɗe su bayan sallar isha'i ko lokacin gadin dare.

Sai dai ra'ayina, wanda kuma tahaƙiƙin masana ya ƙarfafa, shi ne na'ura ita kaɗai ba ta isa malami ba. A jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, Dokta Charle Viljoen da abokansa sun auna binciken da aka yi a duniya suka buga a 2019, suka tarar koyo da kwamfuta zalla bai fi koyo gaban malami ba. Inda fifikon ya bayyana shi ne wurin da aka haɗa biyun. Da suka jarraba a kan ɗalibansu da manhajar jami'ar mai suna ECG Online, waɗanda aka haɗa musu lacca da atisaye a intanet sun fi waɗanda suka tsaya ga lacca, bayan wata shida kuma, ko da yake kowane ɓangare ya manta wani abu, masu haɗawar ne dai a gaba. Darasin da ke nan ga makarantunmu shi ne a sa atisayen cikin manhajar karatu, malami ya ba da takardun mako, ɗalibai su gwada a salularsu, a dawo aji a yi muraja'a, a kuma ci gaba da haka har shekarar ƙarshe, maimakon a bar kowa da himmarsa.

Ban mance halin da muke ciki ba. Kuɗin sayen megabait nauyi ne ga ɗalibin da iyayensa manoma ne, wutar lantarki kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Amma zanen zuciya hoto ne mara nauyi, ana iya sauke ɗaruruwansa sau ɗaya a ajiye, kuma an riga an yi tunanin irin ƙasashenmu: shirin RAFT, wanda asibitocin jami'ar Janeba suka fara da likitocin Mali a farkon wannan ƙarni, ya kuma yaɗu zuwa Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya ƙera manhajar Dudal musamman domin a bi lacca ko da layin intanet mai rauni ne.

Abin da ya fi damuna wani ne daban. Taskokin nan an tara su ne daga asibitocin Amurka da Turai, inda galibin majinyatan zuciya tsofaffi ne masu toshewar jijiyoyin zuciya, alhali mu namu ciwon yana da tasa fuskar. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da gazawar zuciyar masu jego ta fi yawa a duniya. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi bayaninta a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa. Arnaud Cénac ya bi ta a Yamai ya lura da ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin matan. Binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano daga baya ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki. Takardar ECG ba ita ke tabbatar da wannan ciwo ba, sai hoton zuciya, amma ita ke nuna rikicewar bugun da ke iya kashe mace mai shekara ashirin da jariri a bayanta. Ga kuma yaran da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya, ga masu hawan jini da suka daɗe ba su sani ba, ga mai ciwon ƙoda wanda gishirin fotasiyom ya taru a jininsa har tudun T ya yi tsini, ga mai gudawa wanda nasa ya zube har tudun ya kwanta. Bugu da ƙari, akwai siffofin zane da ake yawan gani ga matasa baƙar fata masu ƙoshin lafiya, waɗanda ɗalibin da ya koyi karatu da takardun Turawa kaɗai zai ɗauka ciwo ne, ya tayar wa iyali hankali a banza.

Misali mafi kusa na amfanin wannan karatu a wurinmu shi ne tarin fuka mai bijire wa magani. Tun 2008 Nijar, da taimakon ƙungiyar Action Damien, ta kasance cikin ƙasashen farko da suka yi amfani da gajeren tsarin maganinsa, kuma waɗansu daga cikin magungunan wannan cuta, irin su moksifuloksasin da bedakwilin, suna tsawaita tazarar da ke tsakanin farkon QRS da ƙarshen T. In tazarar nan, bayan an daidaita ta da saurin bugu, ta haura rabin sakan, zuciya na iya faɗawa cikin rikicin da ke kisa farat ɗaya. Kinin ɗin zazzaɓin cizon sauro ma yana da irin wannan illa. Aunawar ƙirgen gidaje ce da ɗan lissafi, ma'aikacin jinya yana iya ƙwarewa a kanta, kuma irin aikin da atisayen intanet ya fi dacewa da shi ke nan.

Mu tuna kuma ina ɗaliban nan za su. Da yawansu ƙauye za a tura su, wuri kamar Dakusa a gundumar Takeita, inda majo, wato babban ma'aikacin jinya, shi ne likita shi ne mai yanke shawarar a riƙe majinyaci ko a ɗora shi a mota zuwa birni, ƙwararrun zuciya kuwa akasarinsu suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Ko da babu na'ura a wurinsa, wanda ya san zanen makyarkyatar ɗakunan sama yatsarsa za ta gane ta a jijiya, ya san abin da zai rubuta a takardar turawa. In kuwa akwai, kada ya dogara da hukuncin da na'urar ke bugawa a saman takarda, domin tana kuskure. Kada kuma ya manta cewa zane na iya fitowa da kyau alhali zuciyar ba ta tura jini, saboda haka hannu a jijiya wajibi ne kafin ido a takarda. Yau ma'aikata kan ɗauki hoton takarda su aika wa na gaba da su ta WhatsApp don neman shawara, abu ne mai kyau, da sharaɗin a rufe sunan majinyaci, gama sirrinsa amana ce.

Daga wannan al'ada ce nake ganin za a iya gina abin da ya rage. Takardun da ake ɗauka kullum a Damagaram da Maraɗi da Kano da Zariya, in aka cire sunaye, aka nemi izinin hukumomin asibiti, ƙwararru biyu suka amince da fassarar kowace, aka rubuta mata tarihi da bayani da Faransanci da Ingilishi, har da Hausa domin ma'aikatan karkara, za su zama taskar da ɗalibi zai ga mai jego da mai tarin fuka da mai ciwon ƙoda na ƙasarsa. Ba sai ta yi yawa ba: taskar MIT-BIH da masu bincike na duniya ke aiki da ita har yau, wadda aka ɗauka a Boston tsakanin 1975 da 1979, awon mutum 47 ne kawai.