Na'urorin Da Ke Lura Da Takun Tsofaffi A Gida

Kafin ranar da za a tsinci tsoho kwance a ƙofar banɗaki, sau da yawa an yi makonni ko watanni takunsa yana gajarcewa. Yana dafa bango, yana daɗewa kafin ya miƙe daga kujera. 'Yan gida su ce "ai tsufa ne," a wuce wurin. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma abin ya fi cin waɗanda suka haura shekara 60.

Tafiya aikin gayya ce. Sai zuciya da huhu da gaɓoɓi da ido da ƙwaƙwalwa sun haɗa kai ƙafa ke ɗaguwa daidai, shi ya sa in ɗayansu ya fara gazawa, taku ne ke fara tona asiri. A 2011, Stephanie Studenski da abokan aikinta suka tattara bayanan tsofaffi fiye da 34,000, suka ga masu cin mita 1 ko fiye a daƙiƙa sun fi sa'anninsu tsawon rai. Sai dai awon asibiti na 'yan mintuna ne, kuma wanda ya taɓa raka dattijo wurin likita ya san yadda yake cijewa ya taka da ƙarfi don kada a ga kasawarsa. Ainihin tafiyarsa ita ce ta tsakar dare, daga gado zuwa bayi.

Wannan tafiyar masana ke son gani. A TigerPlace, gidan tsofaffi da aka buɗe a 2004 da haɗin gwiwar Jami'ar Missouri a Amurka, an sa na'ura a ƙarƙashin katifa mai jin bugun zuciya da numfashi da yawan juye-juye. A falo kuma akwai kyamarar da ba ta nuna fuska, sai siffar jiki kawai, tana auna tsawon taku da saurinsa. In al'adar mutum ta sauya, misali ya fara yawan tashi da dare, sai saƙo ya je wa ma'aikaciyar jinya. Ta haka aka riƙa gano ciwon mafitsara tun bai kwantar da mutum ba. A jami'ar MIT kuma, Dina Katabi ta ƙera akwatin da ake maƙalawa a bango, yana sakin siginar rediyo yana karanta yadda take dawowa daga jikin mutum. Ba a ɗaura komai a hannu, balle a manta da caji.

Wadda ta fi burge ni ita ce mafi sauƙinsu. Tun 2001 kamfanin Zojirushi na Japan ya fito da butar ruwan zafi mai aika wa ɗan da ke nesa saƙo game da lokutan da aka yi amfani da ita. Uwa ta haɗa shayin safe, ɗa ya sani, hankalinsa ya kwanta. In shiru ta yi yawa, ya ɗaga waya.

Amma ɗakin tsoho ɗakinsa ne. Bai kamata a sa masa ido, ko da na na'ura ne, ba da yardarsa ba, kuma dole ya san hannun wa bayanansa ke shiga. Sannan na'ura ba ta ɗaga wanda ya faɗi. Saƙon banza ne in babu mai amsawa.

Inda waɗannan kayan ba su kai ba, akwai gwajin da likitoci ke yi da kujera da agogo kawai: dattijo ya miƙe, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, ya kamata likita ya duba ganinsa, hawan jininsa da magungunan da yake sha.