Riƙon Ƙungiya Lokacin da Al'amura Suka Rikice

Ke da ke riƙe da kuɗin adashi, ko ake taruwa a ɗakinki don sha'anin ƙungiya, matso kusa.

A shekarar 1976 aka damƙa wa wata mata a Amurka, Frances Hesselbein, shugabancin ƙungiyar 'yan mata ta Girl Scouts. Lokacin mambobi sai raguwa suke yi, zamani ya juya. Ita kuwa da aikin sa kai ta faro, tana kula da rukunin yara a garinsu Johnstown. Da ta hau, sai ta koma kan tambayoyin da masani Peter Drucker ya saba yi: mene ne aikinmu, kuma don wa muke yin sa? Shi Drucker a ganinsa riƙon ma'aikata ba lissafi kaɗai ba ne, sai an haɗa da tarihi da sanin halin ɗan Adam da tarbiyya.

Ta rushe tsarin nan na shugaba a sama, mabiya a ƙasa, ta mai da shi da'ira. Aka sake rubuta littattafan ƙungiyar don kowace yarinya, baƙa ko fara, ta ga irinta a ciki. Kafin ta sauka a 1990, ƙungiyar ta farfaɗo.

To, a ce hatsi ya yi tsada, mutum uku sun kasa zubi. Kafin ki soke sunansu, Hajiya, aika yarinya ta jiyo abin da ya faru. Wataƙila rage zubin na wata biyu ya fi.