Giyar Inabi a Ƙasar Masar

Wustul Balad, watau Tsakiyar Gari, ita ce unguwar da Sarkin Masar Isma'ila ya sa aka shata a birnin Alƙahira wajen shekarar 1870, bayan ya ga birnin Paris ya yi sha'awarsa. Titunanta masu faɗi ne, benayenta kuwa irin na Turai. A da, yawancin masu kantunanta baƙi ne: Girkawa da Italiyawa da Armeniyawa da Yahudawa da mutanen Sham. Har yanzu akwai tsofaffin gidajen cin abinci a can inda akan kawo wa baƙo giyar inabi da aka yi a cikin ƙasar. Wannan abu yakan ba mutane mamaki ta hanya biyu. Ta farko, Masar ƙasa ce ta Musulmi, Musulunci kuwa ya haramta giya. Ta biyu, ƙasa ce mai zafi, inabin giya kuwa ya fi son sanyi.

Dalilin da ya sa ya fi son sanyi shi ne, cikin ƙwayar inabi akwai zaƙi, akwai kuma tsami. Yayin da take nuna, zaƙi yana ƙaruwa, tsami yana raguwa. In rana ta yi yawa sai ta nuna da gaggawa, zaƙin ya rinjaya, tsamin da ƙanshin su gudu. In aka matse irin wannan aka bar ruwan ya tsima, zaƙin ya zama barasa mai ƙarfi, amma abin ya fito salam. A wurare masu sanyi kuwa, kamar kwarin kogin Mosel a Jamus, ko Shampen a arewacin Faransa, inabi yakan nuna sannu a hankali, ba a tsinke shi sai Satumba ko Oktoba. Saboda haka gonakin inabin giya na duniya galibi suna tsakanin digiri 30 da 50 ne, arewa ko kudu da tsakiyar duniya. Alƙahira tana kan digiri 30 daidai, watau a bakin iyaka. Ruwan saman da take samu a shekara bai fi inci ɗaya ba.

Da yake haka ne, tun zamanin Fir'auna manoman inabi suka gane su matsa arewa, wajen da kogin Nilu ya rarrabu kafin ya faɗa Bahar Rum. Can iskar teku tana kaɗawa, ta rage zafin yini. Lokacin da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, ya tarad da tuluna 26 na giya masu rubutu a jiki. An rubuta shekarar sarauta da aka yi giyar, da sunan gonar, da sunan shugaban masu aikin, kamar dai yadda ake yi a jikin kwalba yau. Yawancinsu daga "Kogin Yamma" suka fito, watau reshen Nilu na yamma. Kayan kabarin sun daɗe a gidan tarihi na Dandalin Tahrir, nan bakin Wustul Balad, kafin a kwashe su zuwa sabon gidan da aka gina a Giza. A zamanin Girkawa da Rumawa ma, giyar bakin tafkin Maryut, kusa da Iskandariya, ta yi suna har marubutan Rum suna ambatonta.

Bayan zuwan Musulunci sana'ar ta ja baya, ta saura galibi a hannun Kibɗawa, watau Kiristocin Masar, don suna bukatar giya wajen ibadarsu. Wani lokaci mahukunta su ƙyale, wani lokaci su tsananta. Halifa Alhakim, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, shi har sassare kurangar inabi ya sa aka yi, ya kuma hana sayad da zabibi, don kada a jiƙa shi a yi giya a ɓoye.

Wanda ya ta da sana'ar daga barci wani Bagirke ne, Nestor Gianaclis, attajirin taba. Yana da masana'antar sigari a wani tsohon gidan sarauta a bakin Tahrir, gidan da daga baya ya zama mazaunin Jami'ar Amurka ta Alƙahira, wadda aka kafa a 1919. A 1882 ya fara dasa inabi a bakin hamada, kudu da Iskandariya, yana neman irin ƙasar da mutanen dā suka noma. Har yau ana kiran wurin da sunansa, cikin lardin Buhaira. Giyar gonar ta samu kasuwa a otal-otal da gidajen shaƙatawa na Wustul Balad, irin su Café Riche da ke titin Tal'at Harb tun 1908, inda daga baya marubuci Najib Mahfuz yakan zauna da abokansa mako-mako.

Amma fa talakawa da yawa suna kallon waɗannan wurare a matsayin alamar baƙi da mulkin Ingila. Ran 25 ga Janairu 1952 sojan Ingila suka kashe 'yan sandan Masar wajen hamsin a Isma'iliyya. Kashegari jama'a suka fusata, suka cinna wa Wustul Balad wuta. Mashaya da silima da manyan kantuna suka ƙone, har da otal ɗin Shepheard's. A watan Yuli na shekarar soja suka tuɓe Sarki Faruƙ. Bayan yaƙin Suwes na 1956 baƙi suka riƙa watsewa, kuma cikin shekarun 1960 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta karɓe gonar Gianaclis. Sunayen kwalabe ba su sake ba, Omar Khayyam ja, Cru des Ptolémées fara, Rubis d'Égypte mai ruwan hoda, amma abin da ke ciki ya lalace ƙwarai, har ya zama abin ba'a ga masu ziyara. Sai a 1999 aka sayar da gonar ga kamfanin Al Ahram, wanda Heineken ya saya a 2002. Aka kawo gwanaye daga Faransa, aka gyara tankuna.

Yaƙi da zafi kuwa bai ƙare ba. Akan tsinke inabi tun Yuli ko Agusta, da sassafe, kafin tsaminsa ya tafi. Akan ba da ruwa ɗigo-ɗigo ta cikin tiyo, a bar ganye ya yi wa 'ya'yan inuwa, a kuma sanyaya tankunan da inji. Wasu kwalaben ma da inabin Labanan ko na Afirka ta Kudu ake yinsu. Wani ƙaramin kamfani a Alguna, bakin Bahar Maliya, yana yin farar giya da wani inabin ƙasar da ake kira Bannati, wanda ya saba da rana.

Game da doka, wata da aka kafa a 1976 ta hana sha a fili, sai a otal da wuraren da aka ba lasin saboda baƙi. A watan azumi ba a sayar wa ɗan ƙasa. Yawancin Misirawa ba su sha, kuma mutum zai yi wata guda a wasu unguwannin Alƙahira bai ga kwalba ba. Wanda ya san Kano zai tuna da yadda aka daɗe ana bambanta cikin birni da Sabon Gari. Wustul Balad ta ɗan yi kama da haka, sai dai ita ba a bayan ganuwa take ba, a tsakiyar gari take, masallaci da majami'a da mashaya duk a kan titi guda.