DALLA-DALLA: Gyara ko sayen sabo, idan famfon injin wankin mota ya lalace

Wankin mota na cikin sana'o'in da dubban matasa suke ci da kansu da su a Kano, Kaduna, Abuja da sauran birane. Jarin sana'ar kusan duka yana cikin inji guda, kuma zuciyar injin ita ce famfon da ke tura ruwa da ƙarfi. Ranar da ya tsaya, yaran wurin sukan koma gida hannu rabbana.

Lamarin ya ƙara tsanani tun 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, sannan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yuni. Dalar da ake canzawa kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake daga China da Italiya ake shigo da galibin waɗannan famfuna, tsadar ta sauka kai tsaye a kan mai ƙaramin jari.

Yadda famfon yake aiki

Inji mai fetur ko mai lantarki yana juya sanda, sandar tana motsa fistin guda uku. Su ne ke zuƙo ruwa ta bawul ɗin shiga, su tura shi ta bawul ɗin fita. Ƙarfin da ake gani, wanda yakan kai ba 150 zuwa 200, yana samuwa ne saboda an tilasta wa ruwan bi ta ƙaramin ramin nozul. Saboda haka idan ramin ya cinye ya buɗe, ƙarfi zai ragu ko da famfon lafiyarsa ƙalau.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai faifai a karkace, mai araha, wanda aka ƙera don aikin gida na ɗan lokaci. Akwai kuma mai karanshaf da fistin na tangaran, irin na kamfanonin Annovi Reverberi da Interpump da Comet, wanda aka yi don aikin yini guda, kuma ana iya kwance shi a sauya kayan ciki.

Abin da ke kashe shi

Na farko shi ne ƙarancin ruwa. Idan tanki ya yi ƙasa ko iska ta shiga mesa, kumfa na fashewa a cikin famfo, tana ƙwaƙule ƙarfe da robobi. Na biyu yashi: inda ruwan gwamnati ba ya zuwa, masu wanki sun dogara da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa, kuma ruwan da ba a tace ba yana goge bawul kamar sanfefa. Na uku barin inji yana aiki alhali an saki bindiga: ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa a ciki, cikin 'yan mintoci ya yi zafi ya dafa robobin. Na huɗu sakaci da mai. Yawancin kamfanoni na ba da shawarar a juye man famfo bayan awa 50 na farko, daga nan kuma duk bayan 'yan ɗaruruwan awoyi.

Yaushe gyara, yaushe sauyi

Kafin a kwance komai, a duba nozul, matata da mesar shigar ruwa. Idan ƙarfi yana zuwa yana yankewa, galibi datti ne ya maƙale a bawul. Ɗigar ruwa a ƙasan kan famfo alamar mutuwar robobi ce. Idan mai ya koma kalar madara, ruwa ya shiga cikinsa. A tsayar da aiki nan take. Duk waɗannan, har da bawul mai daidaita ƙarfi, ana sauya su da kuɗi kaɗan.

Amma idan kan tagullar ya tsage, ko karanshaf da boris sun ci wuta, ko kuɗin gyara ya kusa rabin na sabo, sauyawa ta fi. Haka ma mai faifai a karkace idan ya tsufa: gyaransa zuba ruwa a rariya ne.

Mai sayen sabo ya tafi kasuwa da tsohon a hannu. Dole kaurin sanda ya yi daidai, inci 3/4 ne ko inci 1, haka ramukan noti da saurin juyi: famfon da aka yi wa injin lantarki mai juyi 1,450 a minti ba zai jure injin fetur mai juyi 3,400 ba. Kada kuma ƙarfin famfo ya wuce abin da injin zai iya ja.

Matata mai araha a bakin tanki, da kashe inji duk lokacin da aka ajiye bindiga, su ne kariya mafi sauƙi ga wannan jari.