Khartoum: yadda wahala ta sauya wa'azin Kiristocin Sudan

A Khartoum ranar Lahadi ranar aiki ce. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, kuma abin da doka ta ba ma'aikaci Kirista shi ne awa biyu ranar Lahadi don ya je sujada ya koma bakin aikinsa. Saboda haka kafin yaƙi, a unguwanni irin su Alsahafa da ke kudancin birnin, kusa da babbar tashar motocin safa ta Mina al-Barri, da yawa sukan bari sai yamma ta yi, an tashi daga aiki, sannan su nufi coci. Masu zuwan kuwa galibi talakawa ne: mutanen Duwatsun Nuba, da ragowar 'yan Sudan ta Kudu, da Habashawa da 'yan Eritiriya waɗanda ke da yawa a Alsahafa da Aldem da Aljiref. Leburori ne da masu aikatau da mata masu sayar da shayi a bakin titi. A Alsahafa ɗin ne kuma maƙabartar Kiristoci take, inda ake kai da yawa daga cikinsu idan kwana ya ƙare.

Fasto ko fada da ke tsaye gaban irin wannan jama'a ba shi da sararin yin wa'azin arziki, irin wanda ya cika gidajen talabijin na Legas da Abuja. Wa'azin da ya fi yawa a bakinsa shi ne na jimiri. Sai dai kalmar ba ta tsaya a ma'ana guda ba. A cikin shekara 40 da suka wuce, abin da ake nufi da ita ya sauya aƙalla sau uku, gwargwadon irin wahalar da ta zo.

Hausawan Sudan kusan dukkansu Musulmi ne, amma labarin bai yi musu nisa ba. Su ma sun san zaman wanda ake yi wa kallon baƙo a ƙasar da kakansa ya mutu, tun daga zuriyar waɗanda suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa mazauna Ishash Fallata a Khartoum da aka tasa zuwa Al-Ingaz a farkon mulkin Umar al-Bashir. Akwai kuma wata dangantaka da ba a cika ambata ba. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893 da nufin isa ƙasar Hausa, ita ce tushen ECWA a Najeriya da EERN a Nijar, kuma ita ta gina asibitin Galmi. Ita ce dai tushen cocin Sudan Interior Church. Haka ma ƙungiyar SUM ta 1904, wadda ta haifi COCIN a Filato, reshenta ne ya shiga Duwatsun Nuba, inda cocin Sudanese Church of Christ ya samo asali. Kirista Bahaushe na Maraɗi ko Malumfashi da Kiristan Nuba na Omdurman, ta fuskar tarihin coci, 'yan ɗaki ɗaya ne.

Nassosin da ake yawan komawa gare su

Abu na farko da mai wa'azi a Sudan yake son tabbatar wa jama'arsa shi ne cewa ba jiya suka zo ba. Littafi Mai Tsarki ya ambaci ƙasar Kush sau da dama, kuma Kiristocin Sudan sun daɗe suna karanta sura ta 18 ta littafin Annabi Ishaya a matsayin maganar ƙasarsu: ƙasar da koguna suka ratsa, mai dogayen mutane, wadda za ta sha hukunci mai tsanani amma daga baya ta kawo wa Allah baiko. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni akwai labarin ma'ajin sarauniya Kandake da aka yi wa baftisma a hanyar Gaza. Kandake kuwa sarautar matan Meroe ce, a arewa da Khartoum, kuma ita ce kalmar “Kandaka” da matasa suka riƙa kiran mata masu zanga-zanga da ita a 2019. Ga kuma kufan Soba a gefen birnin, a bakin Shuɗin Nilu, hedikwatar daular Kirista ta Alwa wadda ta faɗi wajen shekara ta 1500.

Amfanin wannan tarihi a kan mumbari a fili yake. Mutumin da ake ce wa addininsa kayan Turawa ne, idan ya ji cewa an yi coci a Soba ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Khartoum, zamansa a kan benci ma sai ya sauya. Bayan wannan sai labarin Ayuba da na Yusufu, waɗanda maƙwabcinsa Musulmi ma ya san su, har yakan buga misali da haƙurin Annabi Ayuba kamar yadda ake yi a Kano.

Zamanin sansanoni

Ma'anar jimiri ta farko ita ce tsira da rai da mutunci. Bayan Ja'afar Numeiri ya kafa dokokin Satumba a 1983, yaƙin kudu kuma ya sake ɓarkewa, ɗimbin mutane suka kwararo Khartoum. Gwamnati ta tura su sansanoni a bayan gari: Mayo da Jabal Auliya a kudu, Wad al-Bashir da Darussalam a yammacin Omdurman. Coci a can rumfa ce ta buhu da kara ko ɗakin laka, wanda da safe makaranta ne, da yamma wurin addu'a. Babban limamin Katolika na Khartoum a lokacin, Gabriel Zubeir Wako, ya kafa jerin makarantu domin 'ya'yan 'yan gudun hijira, kuma a watan Fabrairun 1993 Paparoma John Paul na Biyu ya kai ziyarar yini guda birnin, ya yi wa gwamnati magana a kan haƙƙin marasa rinjaye.

A nan ne koyarwa ta yi karo da tukunya. Mata da yawa da suka rasa mazajensu a yaƙi ba su da sana'ar da ta wuce dafa giyar gargajiya, marisa ko araƙi, kuma dokar kiyaye tarbiyya ta sa kurkukun mata na Omdurman ya cika da su, wasu da goyo a baya, bayan bulala da tara. Coci-cocin bishara suna hana giya. To me fasto zai ce wa gwauruwar da kuɗin araƙi ne ke ciyar da 'ya'yanta biyar, kuma daga ciki take jefa baiko? Idan ya yi shiru, ya saki koyarwarsa. Idan ya tsawata kawai, ya zama ɗan sanda na biyu. Waɗanda suka ɗauki matsalar da gaske sun gane cewa wa'azi shi kaɗai ba zai raba mace da tukunyar ba sai an ba ta wata sana'ar, shi ya sa ajin ɗinki da adashen mata suka zama ɓangare na aikin coci. Ba a soke waccan doka ba sai a Nuwamban 2019.

Lokacin da huɗuba ta zama laifi

Ballewar Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yulin 2011 ta kwashe mafi yawan Kiristocin ƙasar. Waɗanda suka rage ana ƙiyasta su da kusan kashi 5 cikin 100. A Afrilun 2012 wasu gungun mutane suka ƙona harabar cocin bishara da makarantar Littafi Mai Tsarki a Aljiref, a 2013 kuma gwamnati ta ce ba za ta ƙara ba da izinin gina sabon coci ba, wai waɗanda ake da su sun isa. Daga nan jimiri ya koma nufin tsayawa a kan fili da gini.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Fasto Yat Michael, ɗan Sudan ta Kudu. A Disamban 2014 ya yi wa'azi a cocin bishara na Khartoum Bahri, wanda a lokacin ake rushe wani sashe na harabarsa saboda rikicin fili da 'yan kasuwa masu zuba jari. Bayan sujada jami'an tsaro suka tafi da shi. Abokin aikinsa, Fasto Peter Yen Reith, da ya bi sawu yana tambaya, shi ma aka kama shi a Janairun 2015. An tuhume su da laifuffukan da suka haɗa da leƙen asiri da yi wa tsarin mulki zagon ƙasa, waɗanda hukuncinsu kan iya kaiwa ga kisa. A watan Agustan 2015 kotu ta same su da ƙananan laifuffuka, ta sallame su bisa zaman da suka riga suka yi. Wannan ya zo ne shekara guda bayan shari'ar Maryam Yahya Ibrahim, wadda aka yanke wa hukuncin kisa kan ridda a Mayun 2014, ta haihu a kurkukun Omdurman, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba ya daɗin faɗa a coci. Filayen ba da ƙarfin gwamnati kaɗai suka tafi ba. Ma'aikatar harkokin addini ta amince da wani kwamiti daga cikin 'yan cocin, wanda jama'a ba su zaɓa ba, kuma ta hannunsa aka riƙa ƙulla cinikin kadarori. A irin wannan rikici ne, ranar 3 ga Afrilun 2017, aka daɓa wa dattijon coci Yunan Abdullah wuƙa a makarantar bishara ta Omdurman lokacin da ya je kare matan da ake duka, ya rasu. Da ɗan gari akan ci gari. Wa'azin gafarta wa maƙiyi yana da sauƙi idan maƙiyin na waje ne. Ya fi nauyi idan tare aka yi baftisma da shi. Wata guda bayan haka, ranar wata Lahadi, aka rushe cocin Sudanese Church of Christ da ke Soba al-Aradi.

Faɗuwar al-Bashir a Afrilun 2019 ta kawo ɗan numfashi. An naɗa Raja Nicola, Bakibɗiya, a majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya, Kirsimeti ya koma ranar hutu, ministan addini Nasruddin Mufarrih ya nemi gafarar Kiristoci a bainar jama'a, a Yulin 2020 kuma aka soke dokar ridda. Juyin mulkin Oktoban 2021 ya dakatar da tafiyar.

Bayan 15 ga Afrilu

Yaƙin sojoji da dakarun RSF ya ɓarke ranar Asabar, 15 ga Afrilun 2023. Musulmi suna goman ƙarshe na azumi, Kibɗawa da Habashawa kuma suna jajiberin Ista, wadda a kalandarsu ta faɗo washegari. Kudancin Khartoum, har da Alsahafa, ya faɗa hannun RSF. Mayaƙa sun mamaye babban cocin Angilika na All Saints a Amarat, Akbishop Ezekiel Kondo ya koma Port Sudan. A tsakiyar Mayu 'yan bindiga suka kutsa cocin Kibɗawa na Mar Girgis a unguwar Masalma ta Omdurman, suka harbi mutane, suka kwashe dukiya. Masallatai ma ba su tsira ba. Wannan karon harsashi bai tambayi addinin kowa ba.

Da mumbari ya tafi, jama'a suka watse zuwa Masar da Sudan ta Kudu da Kosti da Port Sudan, sai wa'azi ya koma abin da ake yi da hannu. A unguwar Alshajara, kusa da barikin tankokin yaƙi, 'yan sista na ƙungiyar Salesian da wani fada ɗan Indiya, Jacob Thelekkadan, sun ƙi barin gidansu mai suna Dar Maryam, inda mata da yara da dama suka fake. Bam ya faɗa gidan a Nuwamban 2023. A Disamba aka buɗe wa ayarin Red Cross da ya je kwashe fararen hula daga unguwar wuta, mutum biyu suka mutu. Sun ci gaba da zama cikin yunwa, suna koyar da yaran, har tsakiyar 2024 da aka tsallakar da su kogi zuwa Omdurman.

Abin da ya riƙe sauran talakawan birnin shi ne takaya, wato ɗakunan girki na unguwa da matasan sa-kai suka riƙa gudanarwa da gudummawar 'yan uwa na ƙasashen waje. Sunan da al'adar daga zawiyoyin Sufaye suka fito, inda ake ciyar da duk wanda ya zo. A layin wake da adas ba a tambayar sunan mutum, balle a san Butrus ne ko Usman. Wasiƙar Yakubu, wadda ke koyar da cewa bangaskiyar da ba ta ciyar da mayunwaci ba ta da rai, ta sami fassararta a cikin tukunyar da Musulmi suka ɗora, kuma mai wa'azi mai gaskiya ba zai iya tsallake wannan ba idan ya koma kan mumbari.

Akwai haɗari a wa'azin haƙuri, kuma Sudan ta nuna shi. Yana iya zama maganin barci, ya koya wa mutum ya saba da zalunci har ya ɗauka ƙaddara ce. Abin da ya hana shi zama haka a wurare da dama shi ne cewa masu yin sa sun biya farashi: wasu da kurkuku, wasu da gidajensu, Yunan Abdullah da ransa. Jama'a sukan bambance mai cewa a jure yana zaune tare da su da mai aiko da saƙon murya ta WhatsApp daga inda babu ƙarar bindiga, ko da yake su ma waɗanda suka fita da yawa ba da son ransu ba ne, kuma kuɗin da suke turowa ne ke hura wutar girkin.

Sojoji sun karɓe Khartoum a Maris na 2025, mutane kuma sun fara komawa unguwanninsu, suna tarar da gidaje babu ƙofa, babu wayar lantarki. Masu komawa coci suna tarar da tsohuwar tambayar izini da takardar fili tana jiransu. A watan Yulin 2025 hukumomi sun rushe wani cocin Fentikos a Haj Yusuf, gabashin birnin, a cikin aikin da suka ce na kawar da gine-ginen da ba su bisa ƙa'ida ne.